Zabon Daji da Ruwan Sama: Yadda Damina Ke Yanka wa Farauta Lokaci a Ƙasar Gwanja



A watan Yunin da ya gabata, wasu dattawan wani ƙauye da ke gabas da mu suka yi sallama a zauren Mai Girma Sarkin Zango, suka kawo ƙara. Sun ce sun tarar da samarinmu uku a bakin fadamarsu da ƙwan zabon daji cike da bokiti, ga kuma zabi biyu a rataye jikin babur. Da aka kirawo samarin ba su yi musu ba. Hujjarsu ita ce gwamnati ba ta rufe daji ba tukuna, sai ranar 1 ga Agusta. Babban cikin baƙin ya saurare su har suka gama, sa'an nan ya shaida wa Sarki cewa a wurin iyayensu ruwan farko ne ke rufe daji, kuma a iya saninsa haka abin yake a wurin iyayen Hausawa. Ni ne na rubuta zaman a littafin fada, kuma tun ranar maganar ba ta bar zuciyata ba, domin dattijon ya tuna mana da wani ilimi namu ne da muka yi sakaci da shi. Shi ne nake son in shimfiɗa a nan, gwargwadon abin da na ji daga manya da abin da na gani da idona.

Kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ratso Borgu da Sansanin Mango da Yandi har suka sauka Salaga, tafiyar rani suke yi. Madugu ba ya ɗaga ayari sai an yi girbi, ƙoramu sun janye, hanya ta bushe yadda jaki zai iya takawa. To, wannan lokacin shi ne daidai lokacin da zabin daji ke haɗuwa garke-garke suna neman ruwa da kalar hatsi, fakara kuma tana kuka a bakin gonaki safe da yamma. Saboda haka bafatake ya san tsuntsun dawa a lokacin yalwarsa, ya ci namansa a zango, ya wuce. Wanda ya san sauran labarin shi ne wanda ya zauna. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da fatake suka watse zuwa Kete-Karaci da Yeji da Kintampo da Kumasi, da yawa daga cikin mutanenmu suka zama 'yan ƙasa, suka yi gona, suka yi kiwo, waɗansu suka riƙi baka da kwari. Su ne suka ga shekara tun daga farkonta har ƙarshenta a wannan ƙasa.

Ba su zo da hannu wofi ba. A ƙasar Hausa farauta tana da shugabanni, tana da lokaci. Akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa, kuma ba a kiɗa gangar gayya a fita sai amfanin gona ya shiga rumbu. A wasu sassan, musamman wajen Konni da Maraɗi a Nijar ta yau, har biki ake yi mai suna buɗin daji, kuma sunan kaɗai ya isa shaida cewa akwai watannin da dajin yake a rufe. Da suka iso nan sai suka tarar masu ƙasa, Gwanjawa da Dagwamba da sauransu, su ma suna da masu kula da ƙasa da ake neman izninsu kafin a shiga wani daji ko a sa masa wuta. Abin da ya bambanta shi ne tsawon damina. A Kano wata huɗu ne zuwa biyar. A nan kuwa ruwa kan fara tun Afrilu ko Mayu, ya kai ƙarfinsa a Agusta da Satumba, ya ɗauke a Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara a yankin Tamale da Salaga kan kai milimita 1,000 zuwa 1,200. Ke nan rufin dajin nan ya fi na can tsawo. Maharban zango suka gane haka, suka daidaita ƙafarsu da ta masu gida.

Me ya haɗa zabo da ruwan sama har haka? Duk wanda ya taɓa kiwon zabi a gida ya san rabin amsar, domin zabuwar gida ma ba ta sakin ƙwai sosai sai damina ta kama. Ta daji ta fi ta tsanani. Da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa, shinge ya tashi, fara da tsutsa suka fito, sai garken nan na rani ya watse, kowane namiji ya ware da macensa. Ƙwarin da zabuwa ke ci a waɗannan makonni su ne ke ba jikinta ƙarfin yin ƙwai. Ba ta hawa bishiya ta yi sheƙa. Ƙasa take ɗan tonawa a gindin ciyawa mai duhu, ta zuba ƙwai daga shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci fiye, ta kwanta a kansu kwana 26 zuwa 28. A duk tsawon wannan kwanci ba ta da wata garkuwa sai ciyawar da ruwa ya tsirar. In ciyawa ta yi tsawo ta yi kauri, ta ɓoye ta daga tunku da guza da shaho da ɗan Adam. In ruwa ya yi ƙaranci ciyawa ta tsaya gajera, sheƙar na nan a fili kamar tsaba a faifai.

Bayan ƙyanƙyasa sai wata jarrabawar. 'Yan tsakin zabo a makonninsu na farko ƙwari ne abincinsu, ƙwayar ciyawa ba ta riƙe su. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina na mako uku ko huɗu, ƙasa ta ƙeƙashe, ƙwari suka yi wuya, sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, uwar da ta fito da goma ta ƙare da biyu. Haka kuma yawan ruwa ba alheri ba ne gare su a kowane hali. Marka ta kwana da kwanaki tana jiƙa musu gashi, sanyi ya kama su, kuma kowace mai kiwo a zango ta san tsakon zabo ba ya jure raɓa, balle ruwa. Ambaliya kuwa takan shafe sheƙunan da ke cikin fadama gaba ɗaya. Shekarar da zabo ke so ita ce wadda ruwa ya sauka da wuri, ya riƙa zuwa a kai a kai, rana tana fitowa tsakani. Shekarar da manomin dawa da doya ke so ke nan. Shi ya sa tsofaffi ke cewa in ka ga rumbu ya cika, daji ma ya cika.

Sauran tsuntsayen da maharbi ke nema su ma da ruwa lissafinsu yake tafiya, kowa da yadda ya ɗauko. Kirinjijiya da dinya da damina suke hayayyafa a cikin ciyawar bakin tafki da fadamun shinkafa, in tafkuna ba su cika ba, babu su. Fakara takan ɗan jinkirta, da yawa sukan yi ƙwai wajen ƙarshen damina har cikin kaka, don haka wutar daji ta farko ta fi cin nata. Tuje, wanda a da ake gani a filayen arewa, ƙwai ɗaya ko biyu kawai yake yi, shi ya sa da aka matsa masa bai farfaɗo ba, yau yaro sai ya girma bai taɓa ganinsa ba.

Maharban da suna da hanyar karanta shekara. Ina yaro akwai wani tsohon maharbi a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, mai kan burtu da yake ɗaurawa a goshi in zai yi sanɗa. Idan kaka ta yi, kafin ya ɗauki adakarsa, yakan yi kwanaki yana zuwa mashaya da asuba hannu wofi, ya laɓe, ya ƙirga. Ba yawan garken yake dubawa ba, 'yan bana yake nema a cikinsa. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma ɗan bana zanensa bai gama fita ba, gashinsa da sauran ja-ja, ɗan ƙahon kansa kuma bai taso ba. In ya ga matasa sun rinjayi manya, ya san damina ta yi kyau, sai ya yi harbi da sakin hannu. In ya ga garken duk tsofaffi ne, sai ya ce bana ba ta haihu ba, ya juya ga gyazbi da zomo, ya bar zabi su ga wata damina. Bai taɓa shiga aji ba, amma abin da masana namun daji ke yi ke nan a yau idan suna auna yawan matasa da manya kafin su yanke adadin da za a harba.

A nan ne wani ruɗi yake, wanda ya kamata kowane mai bindiga ya sani. Shekarar fari ita ce shekarar da farauta ta fi sauƙi. Idan kududdufai suka ƙafe tun Disamba, ruwa ya rage a wuri biyu ko uku a duk faɗin dajin, dole duk zabin yankin su taru a nan. Ciyawar ɓuya babu, yunwa ta rage musu tsoro. Maharbi sai ya cika buhu, ya dawo gari yana cewa bana zabi sun yi yawa, alhali iyayen da suka rage ne yake kwashewa, waɗanda ake jira su yi ƙwai baɗi. A shekarar ruwa kuwa tsuntsaye sun fi yawa, amma sun bazu, kowane kwari da ruwansa, sai an sha wuya a samu. Wanda ya auna daji da nauyin buhunsa zai yi ta samun lissafi a juye.

Tarihi ya gwada mana wannan ba sau ɗaya ba. Manyanmu sun ji daga nasu manyan labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta girgiza ƙasar Hausa, ta koro mutane kudu. An sake ganin fari mai tsanani a yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974. Amma wadda mu 'yan Ghana ba za mu manta ba ita ce 1983. Ruwa ya yi ƙaranci shekaru a jere, sa'an nan gobarar daji ta ratsa ƙasar tun daga arewa har cikin gonakin koko na kudu. Tafkin Volta ya janye har wutar lantarki ta Akosombo ta yi ƙaranci. A farkon shekarar kuma aka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, suka dawo gida babu abinci. Ina makarantar allo a lokacin, shekaruna ba su wuce goma sha uku ba. Na tuna yadda kowa ya koma daji, malami da almajiri, mai tarko da mai kulki. Ba na zargin kowa, yunwa ba ta san doka ba, kuma shari'a kanta ta yi wa mai larura sauƙi. A ranin nan naman zabo ya yi araha a bakin tasha fiye da mudun masara. Da damina ta zagayo kuwa, sai dajin ya yi tsit. Kukan nan na zabi da muka saba ji da magariba idan suna hawa bishiyar kwana, muka neme shi muka rasa.

Abin da ya biyo baya shi ma darasi ne. Ruwa ya dawo a 1984 da 1985, gonaki suka yi kyau, mutane suka koma ga garma suka saki daji. Zabuwa tana fara ƙwai tun tana shekara ɗaya, kuma tana yi da yawa, don haka 'yan kaɗan da suka tsira a cikin duhuwar bakin kogin Daka da sauran wuraren da wuta ba ta kai ba suka sake cika dajin cikin damina biyu zuwa uku. Allah ya yi wa wannan tsuntsu saurin farfaɗowa, amma da sharaɗi biyu: a sami ruwa, kuma a bar iri.

Ita ma hukuma ta yi nata ƙoƙarin. Bayan samun 'yancin kai an kafa dokar kare namun daji ta 1961, sa'an nan a 1971 aka fitar da ƙa'idojin da aka sani da L.I. 685, waɗanda suka haramta farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara. Zabon daji da fakara suna cikin abin da hanin ya shafa, gyazbi ne kaɗai ake bari a kama a wannan tsakani, shi ma da lasisi. A 1971 ɗin ne kuma aka ɗaga dajin Mole da ke kusa da Damongo ya zama gandun ƙasa, inda har gobe mai ziyara zai ga garken zabi suna tsallaka hanya ba sa ko gudu. Bayan abin da aka gani a 1983, an yi dokar hana ƙona daji a 1990. Duk waɗannan dokoki ne masu amfani, kuma wajibi ne ɗan zango ya kiyaye su, domin baƙon da ya raina dokar gari kansa ya jawo wa magana.

Sai dai doka rana ɗaya ta yanka wa ƙasa duka, daga bakin teku inda ake damina biyu a shekara har zuwa Bawku inda ake guda ɗaya, kuma ta yi la'akari da dabbobi iri-iri, ba tsuntsu kaɗai ba. Ruwan sama kuwa ba ya duba kalanda. A wurinmu zabuwa takan kwanta a kan ƙwai tun Mayu da Yuni, wata biyu ko uku kafin ranar rufewa. Idan kuma damina ta makara, 1 ga Disamba takan zo ta tarar da 'yan tsaki ba su gama ƙarfin fiffike ba, ga wuta, ga karnuka. A da al'ada ce ke toshe wannan giɓi, kuma yanayi na taya ta: ciyawa ta fi mutum tsawo, hanya ta yi laka, kowa yana gona. Yau babur yana shiga inda jaki ba ya shiga. Fitilar goshi tana haska garke a bishiyar kwanansa, a zubar da shi cikin dare ɗaya. Maganin feshi yana ƙone ciyawar bakin gona da ƙwarin da ke cikinta, tarakta tana nome fadama har gefen ruwa. Na taɓa ganin inda aka zuba hatsi mai guba a mashaya, abin da ya kashe tsuntsu ya kuma sa mai cin naman cikin haɗari.

Ga shi kuma damina kanta ta daina tsayawa a kan alkawari. A 2007 ruwa ya yi jinkiri, sa'an nan ya sauko da ambaliya a Agusta da Satumba, aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farin Volta ya yi toroƙo ya cinye gonaki da gidaje a arewa. A 2024 kuwa ruwa ya ɗauke a Yuli da Agusta, a tsakiyar damina, masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje. An ƙirga asarar manoma, kuma daidai ne a ƙirga. Amma waɗannan makonnin su ne makonnin 'yan tsaki, kuma duk wanda ya je mashaya a kakar da ta biyo ya ga garke na tsofaffi.

Mu da muka yi karatun zaure mun san babin farauta a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, aka halatta wadda ake yi don buƙata. Mun kuma san abin da Abu Dawuda ya ruwaito na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a mayar mata da su. Wanda ya kwashe ƙwai goma a Yuni don ya sayar a bakin titi, garke guda ya hana wa kansa da maƙwabtansa a Janairu. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, mu kuwa ba mu san inda za mu sayo zabon daji ba in ya ƙare.

A ƙarshen zaman nan na Yuni, Mai Girma Sarki ya sa samarin suka ba baƙin haƙuri. Ƙwan kuwa ba shi mayuwa sheƙa tunda uwayen sun mutu, sai aka raba wa mata masu kaji suka sa wa kajinsu, aka yi sa'a fiye da rabi suka ƙyanƙyashe. Sa'an nan, da shawarar liman da dattawan unguwanni, ya yi umarni in rubuta abu uku a littafin fada. Na farko, ɗan zango ba zai harbi tsuntsun dawa ko ya ɗauki ƙwansa ba daga ruwan shuka har ranar da gwamnati ta buɗe daji. Na biyu, in shekara ta zo da fari ko ambaliya, dattawan maharba za su fita mashaya su duba garke kafin kowa ya fita, in babu 'yan bana a ɗaga wa zabi ƙafa a wannan rani. Na uku, babu farautar fitila a bishiyar kwana, babu guba, babu sa wuta ba da iznin masu ƙasa ba.

Na rubuta, an karanta a masallacin Juma'a. Ko za a kiyaye, wannan yana hannun iyaye da masu sayen naman, domin yaro ba ya kwaso abin da ba shi da mai saye. Ina roƙon 'yan'uwa na sauran zangogi, daga Yandi zuwa Bole, daga Wa zuwa Bawku, duk wanda yake da tsohon maharbi a unguwarsu ya je ya zauna da shi tun yana da rai, ya tambaye shi watan da zabi ke kwanci a wajensu da alamun da yake dubawa, ya rubuto mana a nan ƙasa, domin ruwan kowane yanki da lokacinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.